Akwatin zanen kogo da na saya wa yara a hutun nan

Hutun ƙarshen zango ne ya ja ni ga sayen akwatin nan. Yara uku gare ni, babbar shekararta tara, na tsakiya bakwai, Auta kuma biyar, ga 'ya'yan maƙwabta biyu da ba sa barin tsakar gidanmu sai an kira magariba. Kwana huɗu da fara hutu na tabbatar idan ban samo musu abin yi ba, wayata ce za ta mutu a hannunsu. Da muka je biki Abuja sai na leƙa wani shagon littattafan yara, ina neman littafin shafa kala kawai, idona ya faɗa kan wani kwali ruwan ƙasa mai hoton jan tafin hannu a jikinsa. An rubuta da Turanci cewa kayan koya wa yara zanen mutanen da can ne, irin wanda suka bari a bangon kogo, wai daga shekara huɗu zuwa sama. Ni malamar firamare ce, aji biyu nake riƙewa, don haka na ce ko 'yan gida ba su so shi ba, zai yi mini rana a makaranta. Kuɗin ya ciji aljihu, don da shi zan yi cefanen kwana uku har da nama. Na rufe ido na biya.

Ga abin da na tarar a ciki: ƙananan gwangwanaye huɗu na garin kala, ja da rawaya da baƙi da fari, kowanne bai fi gwangwanin man zafi girma ba. Takarda mai kauri ruwan ƙasa guda shida. Sandar gawayi biyu, soso ɗaya, wani bututun roba na fesa kala da baki, ƙaramar tocila, farantan roba huɗu da aka huda siffar dabbobi a jikinsu don yaro ya ɗora ya bi, katuna goma sha biyu masu hotunan kogunan gaske, sai ɗan littafi siriri.

Tun kafin a buɗe na samu abin da ya ɓata mini rai. A bayan kwalin an zana wani mutum mai gashi buzu-buzu, ya saɓa kulki, a bayansa kuma ga ƙaton dainoso yana leƙe. Na tsakiya ya gani ya ce, "Umma, ashe da dainoso suke zama!" Na ce masa sam. Waɗannan halittu sun ƙare tun shekara miliyan 66 da suka wuce, babu ɗan Adam ɗin da ya taɓa haɗa ido da su. Kayan da aka ce na ilimi ne, amma darasin farko da ya ba ɗana ƙarya ce, kuma irin ƙaryar da ke manne wa yaro a kai. Na samo salatif na rufe hoton.

Littafin ne ya wanke musu laifi. Wanda ya rubuta shi ya san yara, domin bai fara da shekaru da sunayen zamani ba, ya fara da labari, kuma labaran da ya zaɓa duk yara ne a tsakiyarsu. Na farko na kogon Altamira ne a arewacin Sifen. A 1879 wani mutum mai suna Marcelino Sanz de Sautuola yana tone-tone a ƙasan kogon, ya sunkuyar da kai yana neman ƙasusuwa da kayan dutse, 'yarsa María mai shekara takwas kuma tana ta yawonta. Ita ce ta ɗaga kai ta ga rufin kogon cike da zanen wasu manyan dabbobi masu kama da ɓauna, ja da baƙi. Da uban ya sanar cewa aikin mutanen zamanin dutse ne, manyan masana suka ƙaryata shi, har da masu cewa shi ya sa aka zana. Ya mutu a 1888 da wannan tabon. Sai a 1902 ɗaya daga cikin manyan masu ƙaryata shi, Émile Cartailhac, ya fito a rubuce ya ce ya yi kuskure. Ina fassara musu da Hausa, babbar tawa ta tsayar da ni ta ce, "To ya ba yarinyar haƙuri?" Tun daga ranar duk inda ta shiga sai ta ɗaga kai ta dubi silin.

Labari na biyu na kogon Lascaux ne, wanda ake furtawa Lasko, kusa da garin Montignac a Faransa. A watan Satumba na 1940 wasu samari huɗu suka bi wani rami da karen ɗayansu ya gano, suka zurara ciki da fitila, suka tsinci kansu a wani zaure na dutse da aka zagaye da dawakai da bijimai. Bijimi mafi girma a ciki ya haura mita biyar. Mun auna mita biyar da igiyar shanya a tsakar gida, ya kama daga bakin rijiya har ƙofar kicin, yaran suka yi shiru suna kallon igiyar. Littafin ya kuma faɗi abin da ya biyo baya: an buɗe kogon ga jama'a a 1948, mutane suka riƙa tururuwa fiye da dubu a rana, numfashinsu da ɗumin jikinsu suka fara lalata zanen, gansakuka ta fito a bango, dole aka rufe shi a 1963. Yanzu kwaikwayonsa ake kai baƙi su gani, an buɗe na farko a 1983, wani sabo kuma a 2016. Zanen da ya shekara kimanin dubu 17 lafiya lau, shekara goma sha biyar ta 'yan kallo ta kusa gamawa da shi.

Wannan dubu 17 ɗin ita ce littafin ya kasa. Ya rubuta lambar ya wuce, kamar yaro ɗan shekara biyar ya san bambancin dubu da ɗari. A wurin Auta, jiya da zamanin Annabi Nuhu duk "da can" ne. Sai na ɗebo wake a kwano na ce kowace ƙwaya shekara ɗari ce. Na ajiye guda ɗaya na ce Hajiya kakarku ba ta cinye ko wannan ba tukuna. Na jera goma sha huɗu da rabi na ce daga Hijira zuwa yau ke nan. Sannan na sa su ƙirga 170 na Lascaux. Suka ƙirga 360 na kogon Chauvet, shi ma a Faransa, wanda aka gano a 1994, mai zanen zakuna da karkanda. Katin Indonesiya yana ɗauke da zanen aladen daji na tsibirin Sulawesi mai shekara aƙalla 45,500, wake 455 ke nan, layin ya fita daga tabarma ya hau siminti. Katin ma ya tsufa, domin a 2024 an sanar da wani zanen a tsibirin da ya kai shekara 51,200. Kaji suka gano abin da muke yi, suka cinye mana wajen shekara dubu uku kafin a kore su. Da masu akwatin sun sa ko da zaren awo ne mai alama, da sun rage wa iyaye aiki.

Daren da abin ya yi armashi shi ne na uku. Littafin ya ba da shawarar a cukuikuye takardar a hannu har ta yi tudu da kwari kamar jikin dutse, a manna ta a ƙarƙashin tebur, a rufa bargo, yara su shiga da tocila su yi zane a kwance. Shawara ce mai kyau ƙwarai, kuma ita kaɗai ta kusa biyan kuɗin. Amma tocilarsu farin haske ne da ita tsaye cak, kamar na asibiti. Masu zanen Lascaux da fitilar dutse suka yi aiki, ana zuba kitsen dabba a ɗan kwarmin dutsen a sa lagwani, an ma tono irin fitilun da yawa a kogon. Da na karanta haka na yi dariya, don aci-bal-bal ce sak, irin wadda kakata ke kunnawa a ƙauye. Na ɗauko ɗan kasko, na zuba man gyaɗa, na murza auduga. Ba a ƙarƙashin bargo ba, Allah ya kiyaye gobara. Sito muka share, muka manna takardun a bango, ni na riƙe fitilar da hannuna. Kamar an shirya, sai aka ɗauke wuta.

Abin da ya faru a siton nan babu katin da zai koyar da shi. Harshen wutar yana rawa, inuwar tudun takardar tana motsi, dokin da babbar ta zana da gawayi ya zama kamar yana ɗaga ƙafa. Ɗan maƙwabta ya ja da baya ya taka mini ƙafa. Na tsakiya kuma ya kafa wa wani lanƙwasar takarda ido ya ce, "Umma, kin ga bayan saniya nan, saura kai da ƙafa." Ya ƙarasa ta. Haka masu zanen Altamira suka yi, inda dutsen rufin ya kumburo nan suka ɗora jikin dabbar don ta fito kamar mai tsoka. Ban faɗa masa ba, shi ya gano da idonsa.

Shi ya sa farantan robar nan masu hudar dabbobi suke ba ni haushi. Ranar farko da na bar su a hannunsu, yara biyar suka fito da doki iri ɗaya sau biyar, babu wanda ya kalli takardarsa balle ya kalli doki. Na tattara su na jefa saman kwaba, har yau suna can.

Zanen tafin hannu shi ne abin da kowa ke jira, kuma a nan bututun ya kunyata mu. Ana dama garin da ruwa, a ɗora hannu a takarda, a fesa kala ta zagaye shi, idan an ɗaga sai siffar hannun ta fito fes a tsakiyar ja. Fesa uku aka yi bututun ya toshe. Na wanke, ya sake toshewa. Da ya zo kan Auta, maimakon ta hura sai ta zuƙa. Bakinta ya yi jawur kamar ta ci goro, tana tari tana kuka, ni kuma ina juya kwalin ina neman inda aka rubuta ko garin yana da illa. An rubuta ba shi da guba, da ƙananan haruffa a can ƙasa, kuma alhamdu lillahi babu abin da ya same ta bayan kurkurar baki. Amma duk wanda ya rubuta "shekara huɗu zuwa sama" a kan kayan da ake sa wa a baki a hura, bai taɓa zama da ɗan shekara huɗu ba. Na ajiye bututun, na ɗauko tsohon buroshin haƙori, a tsoma a kala a karce gashinsa da babban yatsa. Feshin ya fi na bututun laushi, kuma babu abin da ke zuwa baki.

Da hannuwan suka bushe muka jera su, babbar ta lura da wani abu: huɗu na hagu ne, ɗaya ne kawai na dama, kuma na na tsakiya ne, wanda bahago ne. Kowa ya ɗora hannun da ba ya aiki da shi, ya yi feshin da ɗayan. Na jawo katin Ajantina, na kogon da suke kira Kogon Hannuwa, inda ɗaruruwan tafuka suka rufe bango, wasunsu sun haura shekara dubu tara. Na ce su duba. Mafi yawansu na hagu ne. Na tsakiya ya bi katin da yatsa yana neman na dama, da ya samu ɗaya ya ce wannan ɗan'uwansa ne. A nan nake yaba katunan. Hotunan gaske ne, an buga su da kyau a takarda mai ƙarfi, suna jure hannun yara mai maiƙo.

Garin kalar bai kai kwana uku ba, ja ne ya fara ƙarewa. Takardu shida kuwa tun ranar farko aka raba su aka yi faɗa a kai. Na koma kan abin da ke gida. Buhun siminti na takarda, idan an kakkaɓe shi an goge an cukuikuye, ya fi tasu takardar kama da dutse, kuma mai gini a layinmu kyauta ya ba mu. Jar ƙasa muka ɗebo a inda ake haƙar gini, muka shanya, muka daka, muka tankaɗe da rariya. Baƙi daga gawayin murhu. Farar ƙasa ta kasuwa. Na jiƙa ƙaro na zuba kaɗan don kalar ta kama, kada ta kakkaɓe idan ta bushe. Gaskiya kalarmu ba ta kai tasu haske ba, amma ita ce ta fi kusa da ta asali, don masu zanen da jar ƙasa da rawayar ƙasa da gawayi da wani baƙin ma'adini suka yi aiki. Kuma dakan da tankaɗen ya riƙe yaran awa biyu cur, abin da gwangwanin da aka buɗe aka tarar da gari a shirye bai yi ba.

Ana cikin dakan ne Hajiya, mahaifiyar Abbansu, da ke zaune a tabarma tana jan carbi, ta ɗago ta ce, "Ke 'yar nan, yanzu zanen abu mai rai kike koya wa jikokina?" Na russuna na ce, "Hajiya, tarihi ne nake nuna musu, yadda mutanen farko suka rayu." Ta yi shiru, can ta ce, "To, a dai bar su a sito. Kada in ga an manna mini a inda nake salla." Aka tsaya a haka. Na kawo wannan ne don na san gidaje da yawa za a yi wannan tambayar, wasu ma za su fi Hajiya tsanani, kuma masu akwatin ba su yi tunaninta ba. Wanda bai natsu da zanen dabba ba zai iya tsayawa kan tafin hannu da ɗige-ɗige da layuka, domin su ma sun cika bangon kogunan, ba ƙari ne aka yi don yara ba.

Akwai wurare biyu da littafin ya yi magana da ƙarfin da bai kamata ba. Yana ta cewa "mutanen kogo" kamar a can cikin duhun suke kwana suke tashi, alhali mazauninsu bakin kogo ne da inuwar duwatsu da bukkoki, cikin lungun kuwa shiga ake yi da niyya. Sannan ya yanke hukunci cewa suna zana dabbar da za su farauta ne don su samu sa'a. To amma ƙasusuwan abincin da aka tono a Lascaux yawancinsu na wata barewar ƙasashen sanyi ce mai ƙaho kamar reshe, ita kuwa da ƙyar ake samun siffarta a bangon, dawakai ne suka fi yawa. Da na faɗa wa babbar haka ta ce ai ita ma ba ta zana tuwo.

Babban ƙorafina na ajiye shi ƙarshe don shi ya fi ci mini rai. Katuna goma sha biyu: takwas Faransa da Sifen, ɗaya Ajantina, ɗaya Indonesiya, ɗaya Indiya, ɗaya Ostireliya. Afirka ko ɗaya. A taswirar da ke tsakiyar littafin nahiyarmu fili ce fetal babu ko ɗigo. Babbar ta juya katunan ta sake juyawa, ta ce, "Umma, mu mutanenmu ba su iya zane ba ne?" Wannan tambayar ce ta sa na zauna rubuta wannan sharhi.

A kogon Blombos na Afirka ta Kudu an samu kayan haɗa kala, ɓawon wata dabbar ruwa da aka dama jar ƙasa da gawayi a cikinsa, mai shekara kimanin dubu 100. Wake dubu ɗaya ke nan, Lascaux na da 170. A Tassili n'Ajjer da ke kudancin Aljeriya akwai zane fiye da dubu 15 a jikin duwatsu, shanu da makiyaya da giwaye, daga lokacin da Sahara take da ciyawa da ruwa. A duwatsun Ennedi na Chadi haka. A Dabous, arewa da Agadas a Nijar, an sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin dutse, babban ya haura mita biyar, tsawon igiyar shanyarmu dai, an fitar da kowane zanen fatarsa ɗaya bayan ɗaya, shekaru dubbai da suka wuce. Kuma ba sai an tsallaka iyaka ba. A Birnin Kudu ta jihar Jigawa akwai zanen shanu a inuwar duwatsu, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu. Na je wurin muna ɗalibai a kwalejin horon malamai. Zanen ya dushe, sai ka tsaya idonka ya saba kafin ƙaho da ƙafafu su fito maka, kuma abin da na fi tunawa shi ne shanun ba su da tozo, ba irin na Fulanin da muka sani ba ne. Kusa da su akwai duwatsun da idan ka buga da ƙaramin dutse suke amsawa kamar kuge, waɗanda wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950. A Geji ta jihar Bauchi ma akwai zane irin na dutse.

Na nemo hotunan waɗannan a intanet, na kai shagon buga takardu, aka fitar mini da guda shida aka lulluɓe su da leda, na cusa su cikin katunan. Na ɗauki jan biro na ɗiga musu wurarensu a taswirar. Kuɗin bugun bai kai na lemon kwalba uku ba, abin da ke nuna ba tsada ce ta hana masu akwatin ba.

Ga mai tambaya ko ya saya: idan yaranka sun kai bakwai zuwa goma, kuma akwai babba da zai zauna ya fassara musu littafin, katunan da labaran sun cancanci a mallake su, muddin za ka ƙara na Afirka da kanka. Idan 'yan ƙasa da shida ne, cire bututun tun kafin su gani. Malamin makaranta kuwa kada ya yaudari kansa, kayan na yaro biyu ne ko uku, ajina kuma yara arba'in da bakwai ne. Akwati ɗaya don katunan ya isa makaranta gaba ɗaya, sauran buhun siminti ne da jar ƙasa da gawayi da tsofaffin buroshi, waɗanda na riga na sa iyayen ajina su fara tara mini kafin a koma.

Abbansu ya yi alkawarin idan an yi hutun Disamba zai kai mu Birnin Kudu. Na tsakiya ya riga ya zaɓi ɗan dutsen da zai buga kugen da shi, yana aljihun wandonsa na makaranta, sau biyu ina cire shi kafin wanki.